A Zana Fari Da Yunwa Tun Masu Labarin Suna Raye

Kakanninmu ba su barin bala'i ya wuce ba su raɗa masa suna ba. Yunwar 1914 suka ce da ita Kakalaba, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau. Sunayen sun tsira, amma a tambayi yaron aji shida a Bakura abin da mutane suka ci a waɗannan shekaru, sai ya yi zuru. Ko farin 1973, wanda ya halaka dabbobi a duk Arewa, waɗanda suka gan shi da wayonsu yau furfura ta rufe su.

Saboda haka muna ba malamai shawara, kowa ya aiki almajiransa wurin tsofaffin unguwarsu, su ji labari, su komo su zana abu guda a rabin warƙar takarda: rumbun da aka buɗe ba kome, ko rijiyar da ta ƙafe, ko iyakar inda ambaliya ta kai a jikin katanga. A ƙarƙashi a rubuta shekara da sunan gari. Mun fi son zane da insha'i, domin insha'i yaro yakan kwafa daga allo. Wanda za shi zana tafasa kuwa, tilas ya tambayi kakarsa kamannin ganyen, da yadda aka dafa shi. Nan ilmin yake.

Wasu iyaye za su ƙi sūrar mai rai. Ba mu jayayya da su. Rumbu da rafi da taswirar gari sun isa.

Amma fa kada malami ya haɗa kome da kome ya ce ƙaddara. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978, an gina ta ne don noman rani, sai ruwanta ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, fadamun ƙasa da ita kuma suka rasa ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu. A Afrilu 1980 'yan sanda suka harbe manoma masu neman diyya a Birnin Tudu. Wannan aikin mutane ne, a rubuta shi haka a ƙarƙashin zanen.

Abin da ya rage na akawunan ofishin ilmi ne a Talata Mafara da Bakura da Maradun: su tattara zanen kowace makaranta, su ɗinke shi littafi guda, su ajiye a akwatin ƙarfe inda gara ba ta kai.