Kazar da wuyanta ya murɗe ba ta kasuwa ba ce

Jama'a manoma, maza da mata, ga wata magana da ta shafi kowane gida mai akurki.

Kowace shekara, da an gama girbi, iska ta juya, ɗari ya shigo, sai ciwo ya faɗa wa kaji. Kaza tana tafiya tana tangaɗi kamar mai maye. Wuyanta ya murɗe, bakinta ya dubi sama. Ta kai sara ga ƙwayar hatsi ta kuskure. Wata ta yi ta kewaya wuri guda har ta faɗi. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu ne. Mai kaji kuwa abu biyu yakan yi. Ya sayo kafso ja da rawaya wurin mai tebur ya zuba cikin ruwan sha. In bai ga sauƙi ba, ya ɗaure sauran kajin ya nufi kasuwa tun ba su mutu ba. A ganina duka biyun kuskure ne, na biyun kuma ya fi muni, don shi ne ke ɗaukar ciwon gida guda ya raba wa garuruwa goma.

Ku duba garken duka

Murɗewar wuya da tangaɗi alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake ga mutum. Tana nuna cewa wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko jijiyoyi, ko cikin kunne, inda ke riƙe wa kaza daidaiton tsayuwa. Abubuwa da yawa suna kawo haka, kuma kowane da abin da ake yi masa. Saboda haka kafin ku kashe ko dala guda, ku amsa tambayoyi huɗu. Kaji nawa suka kamu? Manya ne ko tsaki? Me suka ci? Akwai baƙuwar kaza da ta shigo gidan cikin sati biyun nan?

Na ɗaya. In kaji da yawa ne, manya da ƙanana, suna takure, fukafukai a sake, suna numfashi da ƙyar, kashinsu ruwa-ruwa kore, suna mutuwa kullum, na maƙwabta ma haka, to ku zargi babbar annobar kaji. Likitocin dabbobi suna kiranta ciwon Niyukasal, sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926. Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, irin wadda ake kira birus. Tana bin kashi, da majina, da ruwan sha, da kwando, da takalmin mutum. Kaza takan ɗauke ta kwana biyar ko shida, wani lokaci har sati biyu, kafin ta nuna. Murɗewar wuya sau da yawa daga baya take zuwa, ga waɗanda ba su mutu da wuri ba.

Na biyu. In 'yan matasan kaji ne, masu wata biyu zuwa biyar, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ta shanye, guda ta miƙe gaba guda baya, suna ramewa, wannan ya fi kama da ciwon Marek. Ba shi da magani. Rigakafinsa ranar ƙyanƙyasa ake yi, don haka mai sayen tsakin gidan gona ya tambaya ko an yi musu.

Na uku. In tsaki ne da aka tsare wuri guda ana ba su abinci iri ɗaya kullum, ba sa fita kiwo, ba zawo, ba majina, amma yatsunsu sun lanƙwashe ciki, ko suna zaune kai ya koma baya suna kallon sama, to ƙarancin bitamin ne. Wannan shi ke jin magani. A sayi garin bitamin na kaji wurin mai sayar da magungunan dabbobi, a sa cikin ruwa yadda takardarsa ta ce. A gyara abinci: dussa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, ɗanyen ganye kamar zogale, gara, ɗan nono, garin ƙuli-ƙuli ko na kifi. In an kama abin da wuri, cikin 'yan kwanaki za a ga canji.

Na huɗu. In farat ɗaya kaji suka faɗi bayan sun yi kiwo wuri guda, suna rawar jiki, na maƙwabta lafiya lau, ku nemi guba. Irin shuka da aka gauraya da magani, maganin ƙwari, maganin ɓera, duk suna kashe kaji. Tsutsar mushe ma tana da wata guba mai sa wuya ya saki ya kwanta ƙasa kamar igiya. A kawar da abin, a ba su ruwa mai tsabta, kuma kada kowa ya ci namansu.

Na biyar. In kaza guda ce tak, tana ci tana sha, kai ya karkata gefe ɗaya, sauran garke lafiya har kwana da kwanaki, mai yiwuwa buguwa ce ko ciwon kunne. Ita ce ma'aikacin kiwo zai iya rubuta wa magani.

Kowace iri ce, aikin farko ɗaya ne: a ware ta. A sa ta cikin kwando a inuwa, nesa da sauran. A ba ta jiƙaƙƙiyar dussa da hannu in ba ta iya sara. Ruwanta ya kasance cikin kasko marar zurfi, don kaza mai murɗaɗɗen wuya tana iya nutsewa cikin ruwan shanta. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Kafso da kasuwa

Kafson nan ja da rawaya ba ya kashe birus. Barkono da ɓawon maɗaci ma ba sa kashe shi. Wani zai ce: ai na ba tawa ta tashi. Gaskiya ne, ko cikin annoba akan sami 'yan kaɗan su tsira, da magani ko babu. Amma ku ƙirga nawa suka mutu bayan sun sha kafson.

Game da kasuwa, na san abin da mai kaji za ta ce. Kazar nan ita ce asusunta. Da ita take sayen sabulu da littafin yaro, da ita take biyan magani, da ita take fita kunyar baƙo. In ta ga biyu sun mutu, ta sayar da takwas ko da rabin kuɗi, ai ta rage asara. Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Sai dai mu bi kajin nan takwas mu gani. Lafiyarsu a ido ce, ciwo yana cikinsu. Sun yini cikin kwando ɗaya da kajin garuruwa dabam-dabam. Da marece wata mata ta sayi guda don araha, ta sake ta tsakar gidanta. Bayan sati guda akurkinta ya zama kango. Ita ma ta kwashi sauran ta kai kasuwa ta gaba. Haka ciwon ke zagayawa har ya komo garin da ya fito, ya tarar da sababbin tsaki. Wanda ya sayar bana shi zai saya baɗi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Murar tsuntsaye tana kama da ciwon Niyukasal ƙwarai, ido ba ya raba su, sai an kai gwaji ɗakin bincike. Ita kuwa tana iya kama mutum har ta kashe. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da ita a Magarya, cikin jihar Damagaram, 'yan makonni bayan an tabbatar da ita a arewacin Nijeriya. Saboda haka in kaji suna mutuwa da yawa, kada a yanka a ci, kada yara su yi wasa da su, kada a jefa su bisa juji inda karnuka za su ja. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. A gaya wa maigari da ma'aikacin kiwo a ranar.

Abin da ya kamata gari ya yi

Ciwon Niyukasal ba shi da magani, amma yana da rigakafi. Akwai na allura, kamar ITA-NEW. Akwai na ɗigawa cikin ido, mai suna I-2, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, ana maimaitawa duk wata huɗu. Kaji masu lafiya kaɗai ake yi wa, kuma sai bayan kamar sati biyu jikinsu ke samun kariya. Wanda ya jira sai ya ga wuya ya murɗe ya makara. Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen damina, kafin ɗari ya shigo. Kuɗin kaza guda ya isa a yi wa kajin gida guda duka.

Kwalba guda ta kaji da yawa ce, in an buɗe kuma ba ta jira, zafi yana lalata ta. Kajinmu ma ba su san shinge ba, tare suke kiwo. Don haka aikin na gari ne. Ga shawarata. Ƙungiyar mata da masu unguwa su tsai da rana ɗaya. A rufe kaji tun dare. A kira mai rigakafi da sassafe. Gari ya yarda da ƙa'ida biyu: duk kazar da aka saya ko aka samu kyauta a ware ta sati biyu, gidan da ciwo ya shiga kuma ba ya fid da kaza har abin ya wuce. In an tara ɗan kuɗi cikin asusun ƙungiya, a taimaki wadda ta bi ƙa'ida ta yi asara da kaza ɗaya ko biyu na iri. Ta haka ba za ta ga cewa gaskiyarta ce ta cuce ta ba.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, nan ne aikinku. Ku sami littafi ku rubuta sunan kowane gida, yawan kajinsa, ranar rigakafi, da yawan waɗanda suka mutu cikin ɗari. Baɗi ku karanta wa jama'a a dandali, kowa ya ji bambancin gidan da ya yi da wanda ya ƙi. Ku karanta wa mata wannan takarda, don kajin nasu ne.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.