Tseren Dawaki Da Hasashen Mai Nasara: Shin Ƙwarewa Tana Fitar Da Caca Daga Haramci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta tarayya ta shekarar 2005 ba ta da hurumi a cikin jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kawai, domin tsara harkar caca haƙƙin majalisun jihohi ne. Kafin wannan hukunci da 'yan makonni, Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta riga ta fara rufe shagunan cacar wasanni. Mutane da yawa sun yi murna, kuma sun yi daidai. Sai dai rufe shago bai rufe wayar da ke aljihun matashi ba, kuma bai amsa wata shubuha da ke yawo a bakin masu wannan harka ba. Shubuhar ita ce: wai abin da suke yi nazari ne da lissafi, don haka bai kamata a haɗa su da mai jefa ƙuri'a ba.

Babu inda wannan shubuha ta fi ƙarfi kamar cacar tseren dawaki. A Jamhuriyar Nijar, hukumar caca ta ƙasa, LONANI, tana karɓar kuɗin mutane a kan tseren da ake yi a filayen sukuwa na Faransa, kamar yadda ake yi a Mali da Burkina Faso da Senegal da Kamaru. Za ka ga magidanci a gindin rumfar PMU da takarda da biro, ya duƙufa yana nazarin dawakin da bai taɓa gani ba, waɗanda za su yi gudu a Vincennes ko Longchamp. A Nijeriya cacar ƙwallo ce ta fi yawa, amma manhajojin caca suna ɗauke da tseren dawaki, kuma hujjar iri ɗaya ce.

Mene ne ake nazari?

Adalci shi ne mu fara da fahimtar abin kafin mu yi masa hukunci. Mai hasashe yana duba sakamakon dokin a tserensa na baya, wanda ake jerawa da lambobi a gaban sunansa. Yana duba nisan da ya saba gudu, da yanayin ƙasa, domin wani dokin ya fi son busasshiyar ƙasa, wani kuma ya fi sakewa idan ruwa ya jiƙa ta. Yana duba nauyin da aka ɗora masa, saboda a wasu tsere ana ƙara wa doki mai ƙarfi nauyi domin a daidaita shi da sauran. Yana duba mahayi da mai horarwa, da ƙofar da dokin zai fito, da kwanakin da ya yi yana hutawa. Wannan sani ne na gaske, kuma Bahaushe ba baƙon doki ba ne. Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon ingarma ya san bambancin dokin da ya sha kilisa da wanda ya kwana yana cin harawa a turke.

Tambayar ita ce: wannan sanin yana kai mai shi ga ribar da yake nema? Kuma ko da ya kai shi, yana canza hukuncin Shari'a?

Abin da lissafi ya nuna

Faransawa sun kafa PMU a 1930. A 1954 aka ƙirƙiro cacar da ake zaɓen dawaki uku na farko, a 1989 kuma aka kawo ta dawaki biyar. Idan dawaki 16 ne a tsere, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne. Hanyoyin da biyar na farko za su jeru kuwa 524,160 ne. Nazari yana iya rage wannan adadi, amma ba ya mayar da shi ɗaya.

Sannan ga yadda aka gina kasuwar. A tsarin PMU, ana tara kuɗin duk masu caca wuri ɗaya, kamfani da hukuma su cire kasonsu tun kafin a saki dawaki, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Mu ƙaddara ana mayar da kashi 75 cikin 100. Jama'ar da suka zuba sefa 10,000 za su karɓi 7,500. Idan suka sake zubawa, 5,625 za ta dawo. A zagaye na uku ta koma kusan 4,200, a na huɗu kusan 3,200. Babu wanda ya yi musu fashi, haka tsarin yake aiki.

A tsarin Ingila, inda kamfani ke sa farashi, hanyar ce ta bambanta amma makomar ɗaya ce. Ɗauki dawaki huɗu masu ƙarfi daidai. Adalci shi ne wanda ya dace ya karɓi ninki huɗu, sai kamfani ya sa ninki uku da rabi. Ko ka zuba Naira 1,000 a kan kowane ɗaya daga cikinsu, ka kashe 4,000, abin da zai dawo maka 3,500 ne, ko wane doki ya zo na ɗaya. Ɗari biyar ɗin nan ita ce abincin kamfani.

Wani abin da masu hasashe ba su cika lura da shi ba: bayanin da kake karantawa kowa yana karanta shi. Idan doki ya yi fice, jama'a su yi masa rubdugu, ribarsa ta ragu. Sananne ne a tseren Birtaniya cewa dokin da aka fi sa wa rai yana yin nasara ne a kusan kashi ɗaya cikin uku na tsere. Ke nan a biyu cikin uku, ra'ayin mafi yawan masana ya kuskure. A babban tseren Grand National na 1956, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, Devon Loch, yana kan gaba, saura 'yan taku ya kai ƙarshe, sai ya zube da cikinsa babu wanda ya taɓa shi. A 1967 wani doki mai suna Foinavon, wanda aka sa wa farashin 100 a kan 1 don raini, shi ya lashe tseren, bayan dawakin da ke gabansa sun cakuɗe a wani shinge. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Irin wannan ya faru a Madina. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a tsere mata. Sai wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauko da shi. Da akwai masu hasashe a ranar, da duk sun zuba a kan Adba'u.

Za a ce ai akwai waɗanda suka yi arziki da wannan nazari. Gaskiya ne, an san Ba'amurke Bill Benter da tara dukiya a tseren Hong Kong ta hanyar lissafin kwamfuta. Amma daga ina dukiyar ta fito? Daga aljihun dubban ƙananan masu caca da suka zuba a asusu ɗaya da shi. Bai noma ba, bai ƙera ba, bai sayar da komai ba. Ƙwarewarsa ta sa ya fi su iya kwasa ne kawai.

Matsayin Shari'a

Musulunci bai ƙi doki ba, kuma bai ƙi tsere ba. Aya ta 60 a Suratul Anfali ta ambaci tanadin dawaki cikin ƙarfin da ake umartar al'umma da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tsere tsakanin dawakin da aka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wanda ya fi kusa. Dubi yadda aka lura da halin kowane doki aka ba shi nisan da ya dace da shi. Sanin doki ba laifi ba ne. Har wa yau, hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito ya halatta sa kyauta a gasar harbi da tseren raƙuma da na dawaki.

To amma wa zai sa kyautar, wa kuma zai ɗauka? Nan ne malamai suka yi taka-tsantsan. Idan shugaba ne ko wani mai kyauta daga waje ya sa, babu saɓani a kan halaccinsa. Ɗalibanmu da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san abin da ya kawo a ƙarshen littafin: a wajen Imamu Malik, ɗaya daga cikin masu tsere zai iya fitar da kyauta, idan wani ya riga shi ya ɗauka, idan kuwa shi ya yi nasara kyautar ba ta komawa gare shi, sai ta tafi ga mai bi masa. Sa'idu ɗan Musayyib kuma ya yarda su biyu su fitar, da sharaɗin a shigo da mahayi na uku wanda bai sa komai ba. Duk wannan tsanantawa a kan mahaya ne da kansu, waɗanda suke kan sirdi suna koyon jarumta. Ina ga ɗan kallo wanda ke zaune a Maraɗi yana zuba kuɗi a kan dokin da ke gudu a Faris?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 14 a Doha cikin Janairun 2003, ta bayyana cewa yin caca tsakanin mutane a kan sakamakon aikin da wasu suke yi haramun ne, saboda ya shiga ƙarƙashin nassoshin da suka haramta maisir. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ya kasa dawaki gida uku, na Allah, na mutum, da na Shaiɗan, aka fassara na Shaiɗan da wanda ake caca a kansa.

Ma'aunin caca a fiƙihu shi ne mutum ya sa dukiyarsa a tsakanin ci da asara, bisa wani al'amari da ba a san ƙarshensa ba, ta yadda ribar wani ita ce asarar wani. Ƙwarewa ba ta cikin wannan ma'auni. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 219 ta Baƙara, ya tabbatar da cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane, sannan ya ce zunubinsu ya fi amfanin girma. Aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida suka zo suka rufe ƙofar, suka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, suka kuma faɗi illarsu: gaba da ƙiyayya, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Masu cewa ai kasuwanci ma akwai kasada, su lura: ɗan kasuwa ya sayi buhun gero, mai saye ya sami abinci, shi ya sami riba, kowa ya tafi da wani abu. Idan farashi ya faɗi, geronsa yana nan. Mai tikitin caca idan dokinsa ya zo na shida, takarda ce kawai a hannunsa. Masu kafa hujja da yarjejeniyar Sayyidina Abubakar da Ƙuraishawa a kan nasarar Rumawa kuma, riwayar Tirmizi ta nuna cewa hakan ya faru ne kafin a haramta.

Tsere kuma yana yiwuwa ba tare da caca ba. Gasar Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 tana da kyautar Dala miliyan 20, mafi tsoka a duniya, kuma ba a buɗe rumfar caca a filin. A ƙasarmu ma sukuwa da hawan salla sun daɗe suna faranta wa jama'a rai ba tare da tikiti ba.

Abin da ya rage a kanmu

Tun da hukuncin kotu ya mayar da al'amarin hannun jihohi, majalisun jihohin da ke aiki da Shari'a ba su da uzuri. Doka tana bukatar ta kai ga tallace-tallace da wakilan da ke karɓar kuɗi, ba shaguna kaɗai ba. Amma hukuma ba za ta shiga ɗakin kowa ba. Uba ya san abin da ke cikin wayar ɗansa. Uwargida da ta ga kuɗin cefane yana raguwa ba dalili, maigida kuma ya zama mai yawan duba waya da saurin fushi, ta nemi wani babba da yake jin nauyinsa tun abin bai kai ga bashi da sayar da kadara ba.

Mai sayar da hasashe, da mai rubuta tikiti, da mai ba da hayar shago, su tuna aya ta 2 a Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Su kuma tambayi kansu: wanda ya san dokin da zai yi nasara, me zai sa ya sayar da sirrin a kan kuɗi kaɗan? Mafi muni shi ne mai zuwa wajen boka ko ɗan tsibbu a duba masa lamba, domin ya haɗa caca da neman sanin gaibu a wajen wanin Allah.

Wanda ya riga ya faɗa, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina nan take, ya goge manhajar, ya rabu da majalisar da ke ja masa. Kada ya ce sai ya maido da abin da ya rasa, domin garin neman gira ake rasa ido. Abin da ya ci wanda ke hannunsa, ya fitar da shi ga mabukata ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar tsarkake dukiyarsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai an umarce shi ya yi sadaka, balle wanda ya aikata.

Ɗalibi kuma da Allah ya ba shi basirar riƙe lambobi da auna alamu, ya sani wannan baiwa ce da ake nema a ilimin gado, da lissafi, da likitancin dabbobi, da kasuwanci. Za a tambaye shi a kan ƙuruciyarsa da dukiyarsa, inda ya samo da inda ya kashe.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram, Ya shiryi matasanmu. Wallahu a'alam.