Zuwa ga masu nutso da harbin kifi a gaɓar Bahar Maliya



Maganar takalmin iyo ce ta sa na ɗauki alƙalami, wannan mai faɗi irin ƙafar agwagwa. Na lura matasanmu, daga Fot Sudan har Sawakin, da kuɗi sun shigo hannu sai su nufi wanda ya fi tsawo da tauri, wai shi ne na gwanaye.

Ku yi a hankali. Mai nutso da numfashi ɗaya ba shi da jarin da ya wuce iskar ƙirjinsa, kuma cinyoyi ne suka fi cinye ta. Takalmi mai tauri yana tura ruwa sosai, ba musu, amma idan ya fi ƙarfin ƙafarka, kafin azahar za ka ji sha-raɓa ta ɗaure, idon sawu na zafi. Wurin da abin ya fi tsanani shi ne tasowa daga zurfi, inda jiki ya daina yin sama da kansa, ga kifi yana fizgar igiya. Mai matsakaicin jiki ya ɗauki mai laushi ko tsaka-tsaki. Mai taurin a bar wa ƙato.

Kafin faffaɗan harshen takalmin ma, ku duba gidan ƙafar. Ku gwada shi sanye da safar roba da za ku shiga ruwa da ita, mai kaurin milimita 2 ko 3. In dunduniya na wasa a ciki, ƙarfinka zai zube a banza, fata kuma ta saluɓe. In ya matse yatsu, za su mutu.

Takalmin da aka yi da kabon ba nauyi, ga daɗin bugu, sai dai tsada da saurin tsagewa. Wanda ke shiga ruwa ta kan duwatsu, na filastik irin Cressi Gara ya ishe shi shekaru, muddin yana ɗauraye gishirin da ruwan daɗi, ba ya kuma yasar da shi a rana.

Ku kuwa masu kai baƙi kallon murjani da bututun numfashi, a Sanganeb ko wani wuri, don Allah ku ba su gajere. Baƙo bai san inda ƙarshen dogon takalmi yake kaiwa ba, bugu ɗaya ya karya reshen da ya yi shekaru yana tsiro.

A gaida mutanen jirgi.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a