Ra'ayinmu: Wa Ya Fi Wa a Idon Kwamfuta?

A watan Maris na 2019, tambaya guda ta lissafi ta tsayar da jihar Sakkwato cak har mako biyu. A zaɓen gwamna, Aminu Waziri Tambuwal yana gaban Ahmed Aliyu da ƙuri'u 3,413, amma masu rajista a rumfunan da aka soke sun kai 75,403. Ƙa'idar hukumar zaɓe INEC ta lokacin ta ce muddin tazara ba ta haura wannan adadi ba, zaɓe bai kammala ba. Aka koma rumfa ranar 23 ga wata, hankali ya karkata ga ƙaramar hukumar Kebbe, Tambuwal ya sha da ƙuri'u 342.

Irin wannan hukunci kwamfuta ke yankewa dare da rana da alamomi shida: < da > na ƙasa da sama, <= da >= masu haɗawa da daidai, == na daidaito, != na saɓani. Amsarsu biyu ce tak, e ko a'a.

Da lamba abin ba wuya. Rigimar tana farawa ne idan lamba ta shiga a matsayin rubutu. A harshen kwamfuta na Python, rubutun "9" ya fi "10", domin harafi-harafi ake gwadawa daga hagu, kuma 9 ya fi 1. Haka ma sunayenmu: a tsarin Unicode, ɓ da ɗ da ƙ suna bayan z, saboda haka jerin da ba a gyara ba zai jefa Ɗahiru bayan Zainab. Ya fi tsanani idan abin gwadawar mutum ne sukutum, wato bayanin ɗalibi mai suna, shekaru da maki. Python ba zai ce wane ya fi wane ba sai mai rubuta manhaja ya faɗa masa ma'auni. Tun fitowar Python 3 a 2008, ko lamba da rubutu ba ya yarda ya jera. Sai ya tsaya ya nuna kuskure.

Masu cewa a bar wa na'ura suna da hujja. Ba ta san ɗan sarki ba, ba ta karɓar na goro, kuma wanda ya taɓa bin layin takin gwamnati ya san darajar hakan. Wasu kuma na ganin wannan zance ne na masana, alhali makarantu da yawa a karkara ko wutar kunna kwamfuta ba su da ita. Su ma ba su yi ƙarya ba.

Sai dai ma'aunin, mutum ne ke zaɓarsa. Ita kanta INEC, a ƙa'idojinta na 2022, ta koma gwada tazara da yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe maimakon masu rajista. Alamar tana nan yadda take, abin da ke gefenta ne ya sauya, kuma hakan kaɗai na iya juya sakamako.

Ra'ayinmu shi ne a yi amfani da na'ura, amma duk hukumar da za ta jera mutane don aiki, tallafi ko gurbin karatu, ta fara bayyana ma'auninta a fili: me ake fara dubawa, kuma idan an yi kunnen doki, me zai raba gardama. Malaman sakandare a garin Tambuwal da Kebbe kuma kada su jira wuta. Allo da alli da sunayen 'yan aji sun isa a koyar da darasin nan.