Amurka Ta Bayar Da Sana'arta, Yanzu Tana Nema Da Kuɗi

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa da manoma kan abin da ya sami Amurka.

Jama'a, a cikin kowace wayar salula da kwamfuta da mota akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Amurkawa ne suka ƙirƙiro shi. A 1990 su ke ƙera kashi 37 cikin 100 na wanda duniya ke amfani da shi, amma zuwa 2020 abin ya faɗo kashi 12. Me ya jawo? Kamfanoninsu sun ga lada da kuɗin gina masana'anta sun fi araha a Asiya, sai suka kwashe aikin ƙira suka kai can, suka riƙe zane da ciniki kawai. Riba kam an ci, amma araha ba ta ado.

Wanda ke bakin maƙera kullum shi ke zama gwani. Morris Chang, wanda ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments na Amurka, ya kafa TSMC a Taiwan a 1987. Yau shi ke ƙera mafi yawan ƙwaƙwalwa mafi inganci a duniya. Da aka yi ƙarancinta a 2021, masana'antun motoci a Amurka tsayawa suka yi. A 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta ware wajen dala biliyan 52 don dawo da sana'ar gida. Duk da haka, a 2023 sai da aka jinkirta buɗe masana'antar TSMC a Arizona saboda ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. Kuɗi na gina masana'anta cikin shekara uku, amma ba ya dawo da gwanintar da aka saki shekara talatin.

To mu fa? Wayoyin Tecno da Itel da ke cike kasuwar Farm Centre a Kano na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a Sin, mu saye da sayarwa kawai muke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna kira ga gwamnatoci su gyara makarantun koyon sana'a, su ba masu gyaran waya wuta da jari. Iyaye kuma mu sa yara koyon aikin hannu.

Allah ya sa a ji, amin.