Jikokin Fatake Da Cinikin Biri A Sama

Tun ranar da Mohammed Kudus ya tashi daga Nima ya kai gasar Firimiya ta Ingila, babu zangon da ba a kwana da mafarkin ƙwallo a cikinsa. Je ka filin Kawo Kuɗi da la'asar, ko ka leƙa Asawase da Aboabo a Kumasi, za ka tarar da yara suna zubar da gumi, iyaye kuma a gefe suna lissafin fam da Yuro da hannunsu bai taɓa riƙewa ba. Ba mu ga laifin mafarki ba. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne wata magana da ta fara samun gindin zama a majalisunmu: wai ɗan wasa ba ya bukatar wakili, wai duk wanda ake kira eja ɓarawo ne, don haka idan Allah ya kawo kwantiragi, sai uba ko kawu ko yaya ya zauna da kulob a ƙulle magana, kuɗi su tsaya a gida. Masu wannan ra'ayi har da hujjarsu. Sukan ce ai Kevin De Bruyne da kansa ya yi cinikin kwantiraginsa da Manchester City, kuma bai yi asara ba.

Mu dai mun ce wannan magana guba ce aka shafa mata zuma, kuma abin kunya ne a ji ta daga bakin jikokin fatake.

Bari mu tuna wa juna asalinmu. Fatauci ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Sun kwashe watanni a hanya daga Kano da Katsina da Gobir, suna koro jakuna zuwa Salaga neman goro, kuma da kasuwar Salaga ta faɗi suka bazu Kintampo da Kumasi har bakin teku. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa garin da ba nasa ba ya kwance kaya a tsakiyar kasuwa ya ce shi zai yi wa kansa ciniki. Wajen maigida yake sauka, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Sun san baƙo makaho ne ko da idanunsa biyu a buɗe. Sun kuma san ƙa'idar dillanci: dillali yana da suna, yana da ƙofar gida, kasuwa ta san shi, kuma la'ada ba ta fita sai an sallama. To, yau an ce wa jikan waɗannan mutane ya shiga kasuwar da ta fi ta Salaga girma da sarƙaƙiya, da harshen da bai iya ba, da dokar da bai karanta ba, wai ya shiga shi kaɗai shi da kawunsa.

Ba za mu wanke wakilai ba, domin ba su da wankuwa gaba ɗayansu. Hukumar FIFA da kanta ta bayyana cewa a shekarar 2023 kulob-kulob sun biya wakilai dala miliyan 888 a cinikin 'yan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa. Kulob ashirin na Firimiya kaɗai sun biya su sama da fam miliyan 400 a shekara guda, daga Fabrairun 2023 zuwa Fabrairun 2024. Akwai wakilan da ke karɓa a hannun mai saye, su karɓa a hannun mai sayarwa, su kuma juyo su yanka daga albashin yaro. Daga 2015 zuwa 2023 ma FIFA ta soke jarrabawar lasisi, kowane kare da doki ya buga kati ya ce shi wakili ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda mugun direba ya jefa a rami, neman direban kirki ya kamace shi. Bai ce zai karɓi sitiyari alhali bai taɓa koyon tuƙi ba.

Mu dawo kan De Bruyne da ake kafa mana hujja da shi. Lokacin da ya sabunta kwantiraginsa a watan Afrilun 2021, shekararsa 29. Ya riga ya buga wa Genk da Chelsea da Werder Bremen da Wolfsburg, yana City tun 2015, kuma a 2020 takwarorinsa 'yan wasa suka zaɓe shi gwarzon Ingila. Yana jin harsunan Turai da dama. Duk da haka bai shiga ɗakin ciniki hannu rabbana ba. Ya ɗauki lauyoyi, ya kuma yi hayar masana alƙaluman wasa suka auna masa irin gudummawar da yake ba kulob da abin da ya dace a biya shi. Wato aikin da wakili ɗaya zai yi, shi ya raba shi ga ƙwararru da yawa, ya biya kowa daga aljihunsa. Sannan kulob ne ke tsoron rasa shi. Yaronmu mai shekara 18, wanda kulob ɗin rukuni na biyu a gabashin Turai ko ƙasashen Larabawa ya miƙa wa takarda ya ce ya sa hannu kafin gobe ko a kira wani, da me zai yi barazana? Wanda ya kwatanta waɗannan biyun yana yi wa rogo kallon kitse.

Idan misali muke nema, ga namu na gida. Nii Odartey Lamptey a Kumasi ya taso. A 1991 ya jagoranci Gana ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar, har Pele ya yaba masa. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Anderlecht ta Beljiyam. Sai ya rattaba hannu a kan takardar da ta miƙa ragamar rayuwarsa ta wasa ga wani wakili ɗan Italiya, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a lokacin bai iya karatu ba. Aka yi ta yawo da shi kamar haja: Holan, Ingila, Italiya, Ajantina, Turkiyya, Fotugal, Jamus, Sin. Masu cewa a kori wakilai za su ce ai ga hujjarmu nan. Mu kuwa sai mu ce a dubi abin da mai raunin da kansa ya yi da ya dawo gida. Makaranta ya gina a Accra, mai suna Glow-Lamp. Shi ya san inda ƙaya ta soke shi. Da ya iya karanta takardar nan, ko da akwai wani amintacce da ya karanta masa ita, da wakilin bai sami ƙofa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Masu cewa kawu ya isa, muna da tambayoyi gare su. Adadin da aka rubuta a matsayin albashi, kafin haraji ne ko bayan haraji? Domin a wasu ƙasashen Turai haraji kan lashe kusan rabin babban albashi. Shekara uku da aka ce, ukun ne cif, ko shekara ɗaya ce da zaɓin ƙarin biyu wanda ke hannun kulob shi kaɗai? Idan gwiwar yaro ta tsinke a wata na huɗu, wa zai biya asibiti, kuma albashi zai ci gaba? Idan kulob ya faɗa rukuni na ƙasa, nawa za a zaftare? Masauki da tikitin komawa gida a wuyan wa suke? Idan an rubuta takarda da harshe biyu suka saɓa, wanne ake bi? Shin kawu ya san cewa a dokar FIFA, idan kulob ya riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa na da ikon ba shi wa'adin kwana 15 a rubuce, in bai biya ba ya kama gabansa ya kuma nemi diyya? Ya san cewa akwai kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe da ake raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun yana ɗan shekara 12, wato har da ƙaramin kulob ɗin unguwarmu in yana da rajista? Wanda ke zaune a ɗaya ɓangaren teburin ya san duk waɗannan, domin sana'arsa ke nan, kuma aikinsa shi ne ya saya da araha.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa, amma dole a faɗa. Wakili idan ya ci amana ana korarsa, ana kai ƙararsa, ana iya ƙwace masa lasisi. Wa zai kai kawunsa ƙara a zango? Wane yaro ne zai dubi mahaifinsa ya ce Baba, nuna mini rasit? Kunya da muka gada abin alfahari ce a tsakar gida, amma a teburin ciniki takan zama takunkumi a bakin yaro. Mun ga gidajen da kuɗin ƙwallo ya shiga ya raba wa da ƙani, har aka daina gaisawa a masallaci. Sanya baƙo ƙwararre a tsakani yana tsare dukiya, yana kuma tsare zumunci.

Sai dai kada waɗanda ke miƙa 'ya'yansu ga duk mai kwat da ya zo su ɗauka mun goya musu baya. Su ma cinikin biri a sama suke yi. A unguwarmu mun san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta sayar da filin gadon 'ya'yanta ta danƙa wa wani mutum da ya zo da takardar gayyata mai tambarin wani kulob na Turai. Yaro ya sauka a wata ƙasar da ba ita aka yi alkawari ba, mutumin ya ajiye shi a otal ya ce zai je ya dawo. Har yau bai dawo ba. Biza ta ƙare, yaro ya ƙi komowa saboda kunya, uwa kuma tana gaya wa maƙwabta wai yana gwaji. Kowane zango na da irin wannan labari, kuma shirun da muke yi a kai shi ke ba macuta damar komowa su sake ɗiba. Kakanninmu da ba su san boko ba sun san dillalin da ya nemi la'ada kafin a ga mai saye ɓarawo ne. Mu da ke da waya a hannu muka manta.

Alhali gane na gaske ba wuya gare shi ba. Tun 2023 FIFA ta maido da lasisi da jarrabawa, kuma a zaman farko da aka yi a watan Afrilun shekarar kusan rabin waɗanda suka zauna sun faɗi. Sunayen masu lasisi suna shafin hukumar a intanet, kowa na iya dubawa. Yarjejeniya tsakanin wakili da ɗan wasa ba ta wuce shekara biyu, don haka duk wanda ya kawo takardar shekara biyar ko goma ya tona wa kansa asiri. Dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da 'yan togaciya da ba kasafai suke shafar yaranmu ba, saboda haka mai cewa zai fitar da ɗan shekara 15, ko ya rage masa shekaru a fasfo, rami yake gina masa. FIFA ta so ta ƙayyade la'ada a kashi 5 cikin ɗari na albashin da bai wuce dala 200,000 a shekara ba, da kashi 3 a kan abin da ya haura, amma kotunan Turai suka taka wa tsarin birki, hukumar ta dakatar da shi. Ko da haka, waɗannan alƙaluma ma'auni ne a hannunmu. Wanda ya zo yana neman kashi 30 ko rabin albashi, a nuna masa ƙofa.

Shi kansa Kudus da muke alfahari da shi, ta wace hanya ya bi? Daga ƙaramin kulob ɗin Strong Tower a Nima ya shiga makarantar Right to Dream, inda ake haɗa aji da fili. Bai bar Gana zuwa Nordsjaelland ta Denmak ba sai 2018, shekarar da ya cika 18. Daga nan Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Kowane mataki da takardarsa a fili, babu uwar da ta sayar da gado. Muna rataya hotonsa a shago, amma muna tsallake darasin da ke cikin tafiyarsa.

Saboda haka kiranmu ga iyaye da sarakunan zango da limamai da masu horar da yara guda ne. Kada a cire yaro daga aji saboda ƙwallo, domin ƙafar da ke cin ƙwallo ba ita ke karanta kwantiragi ba. Kada a ba kowa ko sidi ɗaya da sunan gwaji ko biza. Kada a sa hannu a takarda ranar da aka kawo ta, a bar ta ta kwana, a kai wa lauyan da ba wakilin ne ya kawo shi ba. Zangunanmu sun haifi lauyoyi, kuma ba zai gagare su ba su ware yini guda a wata su duba wa yaran unguwa takardu. Akwai kuma ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta Gana, PFAG, wadda Anthony Baffoe ya assasa, 'yan'uwanmu na Kamaru kuma suna da SYNAFOC. A ƙwanƙwasa musu ƙofa tun kafin a sa hannu. Uba da kawu su zauna a ɗakin, su sa ido, su sa albarka, su tambayi duk abin da ba su gane ba, amma su bar ciniki ga wanda ya san kasuwa kuma ake iya kamawa in ya ci amana.

Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce, da wuya ta wuce shekara goma sha biyar, kuma rauni ɗaya na iya datse ta da rana tsaka. Sa hannu ɗaya na iya cinye rabinta. Kakanninmu ba su yarda sun yi wasa da huhun goro ba, bai kamata mu yi wasa da 'ya'yanmu ba. Allah ya tsare mana zuri'a, ya haɗa su da masu amana.