Mohammed Kudus: Ɗan Tsakiyar da Ake Kai wa Gefe

A harshen masu sharhin ƙwallon ƙafa da Hausa, “ɗan wasan tsakiya” shi ne wanda ke tsayawa tsakanin masu tsaron baya da masu kai hari, ya karɓi ƙwallo daga waɗancan ya miƙa wa waɗannan. Kalmar tana da faɗi, domin ta haɗa mai tare hanya da mai raba ƙwallo da kuma wanda ake kira mai lamba goma, wato mai shirya hari daga bayan ɗan gaba. Ra'ayina shi ne Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta birnin Accra, yana cikin rukuni na uku, kuma yawancin masu horarwar da ya yi aiki a ƙarƙashinsu a Turai sun tauye shi da suka riƙa ajiye shi a wani wurin dabam.

An haife shi ranar 2 ga Agusta, 2000. Ya fara wasa a ƙungiyar yara ta Strong Tower a Nima, kafin makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi yana da kimanin shekara goma sha biyu. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, shi ya kafa makarantar a 1999, kuma a 2015 shi da abokan hulɗarsa suka sayi ƙungiyar Nordsjælland ta ƙasar Denmark. Ta wannan hanya Kudus ya isa Turai a 2018. A 2020 Ajax ta saye shi kan Yuro miliyan 9, a 2023 ya koma West Ham, sannan a 2025 Tottenham ta biya kimanin Fam miliyan 55 ta ɗauke shi.

Farkon zamansa a Ajax bai zo da daɗi ba. A watan Oktoban 2020, a wasansa na farko na Gasar Zakarun Turai, da Liverpool, ya ji rauni a gwiwa cikin mintunan farko, ya yi watanni yana jinya. Sai a kakar 2022 zuwa 2023 tauraronsa ya haska sosai, lokacin da Alfred Schreuder ya riƙa sa shi a gaba a matsayin ɗan gaban da ke janyewa baya. A nan ya ci Liverpool wata ƙwallo mai ƙarfi a filin Anfield. Da ya je West Ham, David Moyes ya fi ajiye shi a gefen dama, domin ya riƙa kutsowa ciki da ƙafarsa ta hagu.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa Kudus yana riƙe ƙwallo fiye da kima, yana son ya yanke mutum biyu ko uku kafin ya bayar, kuma wanda ya rasa ƙwallo a tsakiya ya jefa ƙungiyarsa cikin haɗari fiye da wanda ya rasa ta a gefe. Gaskiya ne. To amma a dubi irin baiwarsa: yana karɓar ƙwallo ya juya wa abokin hamayya baya, a tura shi bai faɗi ba, ya juya cikin ɗan ƙaramin wuri ya fita da ita. Wannan fasaha ce ta wurin cunkoso. A gefe, layi yana rufe masa hanya ɗaya, masu tsaron baya kuma su taru su rufe ɗayar. Ƙwallon da aka fi tunawa da ita a zamansa na West Ham, wadda ya ci Freiburg a watan Maris na 2024, daga rabin filin ƙungiyarsa ya ɗauko ta, ya ratsa tsakiya har raga. Haka kuma a Ghana, inda aka fi ba shi 'yancin yawo a bayan ɗan gaba, ya ci Koriya ta Kudu biyu a Gasar Kofin Duniya ta Qatar ranar 28 ga Nuwamba, 2022, aka tashi 3 da 2, ya kuma ci Masar biyu a Gasar Kofin Afirka a watan Janairun 2024.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Jan katin da ya samu a wasa da Tottenham a Oktoban 2024, wanda ya jawo masa dakatarwar wasa biyar, rashin haƙuri ne tsantsa, kuma kakar da ta biyo baya ba ta kai ta farko armashi ba.

Me ya kawo wannan magana shafin nazarin Hausa? Nima da Maamobi zango ne, kalmar da fataken goro da na shanu suka kai ƙasar Gwanja da Asante har bakin teku, ta zama “zongo” a bakin mutanen Ghana. Mazauna waɗannan unguwanni ƙabilu ne iri-iri, Dagomba da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Hausawa, amma Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da filin ƙwallo. Hausa ce mai kamanninta: sau da yawa ba ta bambanta “ya” da “ta”, kuma ta ari kalmomi daga Twi da Ga da Turanci. Ita ce ta ba Ghana sunayen abinci irin su waakye, daga “wake”, da tuo zaafi, daga “tuwo” da “zafi”. Ɗalibanmu sun saba ɗaukar irin wannan Hausa a matsayin gurɓatacciya, alhali kuwa karin harshe ne da ke da ƙa'idojinsa, kuma masu magana da shi suna da yawa.

Ɗalibin da ke neman abin bincike zai iya zama a gidan kallo a Nima ranar da Kudus ke wasa, ya rubuta kalmomin da matasa ke amfani da su wajen yanka da bugu da zura ƙwallo, ya kwatanta da na gidan kallo a Fagge ko Sabon Garin Zariya. Ya kuma tambaye su wane suna suke ba wurin da Kudus ke tsayawa a fili, domin “mai lamba goma” da muke faɗa fassara ce kawai daga Turanci.